Shekarar da Aka Sallami Baba

Larkwood, Mississippi
29 ga Agusta, 1978

Yaya Wendell,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kana lafiya, gwiwar nan kuma ta bar damunka. Mu nan lafiya lau. Mama ta rage gishiri kamar yadda likita ya ce, jinin ya sauka, mita ce ta hau. Renee ta fara haƙori, duk abin da ta samu sai baki. Zafi kuwa ba a magana, ko kare ba ya fitowa daga ƙarƙashin gida kafin yamma.

Wani yaro ya faɗi makon jiya a wurin atisayen ƙwallon Amurka da Baba ke ba yaran kwaleji. Rayford Sims sunansa, ɗan shekara sha tara, daga wajen Belzoni, irin ƙattin nan da Baba ke sawa a layin gaba. Ka san dokar Baba, ba a shan ruwa sai an tashi, sai dai ƙwayar gishiri. Suna cikin gudu yaron ya durƙusa, ya miƙe, ya sake faɗuwa. Baba ya ce a ja shi inuwa, zai farfaɗo. Maigidana Cleon, da yake mataimakinsa ne, ya je ya taɓa shi, ya ji jikin kamar murhu, babu gumi ko ɗigo, yana ta kiran sunan wata da ba wanda ya sani. Cleon bai nemi izinin kowa ba. Ya sa yara biyu suka cicciɓe shi zuwa motarmu, ya wuce asibiti. Baba na kiransa daga tsakiyar fili, bai waiwayo ba.

Likita ya ce da an ƙara jinkiri kaɗan da sai dai a kira Mista Tolliver ya zo da motar gawa. Yaron ya farfaɗo, amma ƙodarsa ta taɓu. Shi da ƙwallo kam an gama.

Ranar Lahadi mun ci abinci a gida kamar kullum, tarwaɗa da burodin masara. Baba bai ambaci sunan yaron ba. Sai da aka kusa tashi ya ce, idonsa a kan faranti, "Mataimaki ba ya barin fili sai an sallame shi." Cleon ya ce, "Haka ne, Koci." Shekara shida da aurenmu, har yau Koci yake ce masa, ko a teburin cin abinci.

Sabon shugaban kwalejin, Dakta Greenlee, wanda aka kawo daga Ohio, ya je asibiti da kansa. Cleon ya shiga ofishinsa sau biyu a makon nan, kuma sun daɗe. Ban san inda abin zai tsaya ba.

Ƙanwarka,
Vernetta


Larkwood
8 ga Satumba, 1978

Yaya Wendell,

Lafiyarmu ƙalau. Ban ga amsarka ba, amma na san yadda wasiƙa ke yi kafin ta kai wannan ƙarshen duniyar da ka zaɓa. Na gwada wayar sansaninku, wani ya ɗauka ya ce bai san wani Wendell ba, ya ajiye.

Na tuna na rubuta maka wata magana a gurguje ban yi bayani ba. Dakta Greenlee ya kira mataimakan Baba duka, ɗaya bayan ɗaya, ya tambaye su abin da ya faru. Wannan Baba ya sani. Koci Odell, wanda ya tsufa tare da Baba a filin nan, ya ce shi bai ga komai ba. Cleon ya faɗi abin da ya gani, bai ƙara ba bai rage ba. Da ya dawo gida abin ya tsaya masa a rai, shi ya sa ya koma karo na biyu da ƙafarsa, ya roƙi shugaban kada ya taɓa Baba. Ya ce a ba shi lokaci, shi zai lallaɓa shi a kan maganar ruwa, tunda ya san ta inda ake shigarsa. Shugaban ya yarda ya jira ƙarshen kakar wasa.

Wannan zuwa na biyu Baba bai sani ba, kuma kada ya sani. Ka san halinsa. Gara masa a zage shi a gaban jama'a da ya ji wani ya je roƙa masa alfarma. Idan kun yi waya, ka tsaya a kan kamun kifi.

Gobe wasan farko. 'Yan badujala sun hana mu sakat da gwaji tun safe.

Taka,
Netta


Valdez, Alaska
11 ga Satumba, 1978

Netta,

Na samu wasiƙarki ta Agusta. Lafiyata lau, gwiwa tana nan tana faɗa mini yanayin gari kafin rediyo. Kina kukan zafi, mu nan ƙanƙara ta fara sauka a kan duwatsu. Walda dai muke ta yi, bututun mai ba ya ƙarewa. Ki gaida Mama, ki ce ta ci gaba da mitar, alamar lafiya ce.

Na ji tausayin yaron nan, Allah ya ba shi sauƙi. Amma ni ma shekara huɗu na yi a wannan filin, a wannan zafin, da wannan ƙwayar gishirin, ban ga wanda ya mutu ba. Yaran yanzu a gaban fanka suka tashi.

Abin da ya tsaya mini shi ne layinki na ƙarshe. Me Cleon ke nema a ofishin shugaba har sau biyu? Mijinki ne, ki yi haƙuri, amma ni na riga ki saninsa. Baba ne ya ɗauko shi daga gonar auduga, ya samar masa karatu, ya ba shi aiki, ya ba shi ke. Tun muna wasa tare yake da ra'ayin a riƙa jefa ƙwallo sama maimakon a bi da ita ta ƙasa, yana zana wa mutane tsari a kan takardar goge baki. Mutum mai irin wannan zanen ba ya son mutuwa a mataimaki. Ga sabon shugaba daga Arewa, ga yaro a asibiti. Ko ni ne na ga ƙofa.

Jiya na samu waya na kira gida, Baba ya ɗauka, yana ta murnar kun ci wasan farko. Na ce masa ya sa ido a kan mutanensa, tunda akwai wanda ya koyi hanyar ofishin shugaba har yana komawa. Sai ya tambaye ni ko kifin nan yana kai girman da ake faɗa.

Kada ki ji haushi. Wani dai ya kamata ya tsaya wa tsohon nan.

Yayanki,
Wendell


Larkwood
1 ga Oktoba, 1978

Wendell,

Muna lafiya. Haƙoran Renee biyu sun fito.

Wasiƙarka ta iso, ta amsa mini tambayar da na yi kwana da kwanaki ina yi wa kaina. Wasiƙata ta biyu ina jin sun yi saɓani da taka a hanya. Yanzu dai ta isa, ka karanta.

Ga abin da kiranka ya haifar. Washegari Baba ya tara yara duka a tsakiyar fili, ya kira Cleon gaba, ya tambaye shi sau nawa ya je wurin shugaba. Cleon ya ce sau biyu. Baba bai tambayi dalili ba, shi kuma bai ga yadda zai faɗa a gaban yara cewa roƙo ya je yi ba. Baba ya miƙa hannu ya ce, "Ba ni usur ɗin." Ya cire daga wuyansa ya ba shi. Tun ranar aikinsa shi ne ya bi motar haya zuwa wasu garuruwa ran Asabar, ya zauna cikin 'yan kallo, ya rubuto yadda abokan karawarmu ke wasa. Rahoton ma ba hannu da hannu yake bayarwa ba, ta wurin Odell yake bi. Masu tsaron baya da Cleon ya horar an ba ɗan Odell, wanda bara yake sayar da tayoyi a Jackson.

Ran Lahadi ni da Renee kaɗai muke zuwa gida. Mama takan zuba abincin Cleon a kwano ta rufe, ta miƙa mini a bakin ƙofar baya, kamar muna sata.

Mun ci wasa uku cikin huɗu, don haka gari na bayan Baba. A shagon aski an ce Cleon Yahuza ne, maci amanar ubangidansa. Mista Tolliver, wanda kuɗin gawarwakin garin nan ne ya saya wa ƙungiya riguna da bas, ya ce muddin Koci na ci ba mai taɓa shi, shugaba ya koma Ohio idan bai iya zafi ba.

Akwai kuma mahaifiyar Rayford. Duk Asabar ɗin da ake wasa a gida takan zo daga Belzoni da hular zuwa cocinta, ta kafa kujera a bakin ƙofar shiga fili ta zauna. Ba ta ɗaga allo, ba ta cewa komai. Kowa sai ya wuce ta gabanta, har Baba. Yakan taɓa hularsa, ita kuma ta bi shi da ido.

Ba fushi nake yi ba. Labari nake ba ka, tunda ka sa hannu a ciki.

Vernetta


Valdez
19 ga Oktoba, 1978

Ƙanwata,

Ina lafiya. Duka biyun sun same ni, ta Satumba ta iso bayan na riga na yi aika-aikar. Na zauna da su a kan gado na rasa ta inda zan fara.

Na sake kiran Baba don in gyara. Na ce masa ban fahimci maganar ba ne, Cleon ba abin da na zata ya je yi ba. Ya ce to me ya je yi. Nan na maƙale, don kin ce kada ya ji maganar roƙon. Sai ya ce, "Karo ɗaya ka faɗi gaskiya a rayuwarka, kada ka ɓata ta," ya miƙa wa Mama waya. Mama ta tambaye ni ko ina da safa mai kauri.

Tun da na karanta labarin yaron nan nake tuna wani abu. Mukan jiƙa tawul a famfon bayan ɗakin canza kaya, mu ɓoye a cikin hular kwano, mu riƙa tsotsa idan Baba ya juya baya. Kowa na yi, har Cleon. A lokacin wasa muka ɗauke shi. A nan kuwa idan sanyi ya yi tsanani shugaban aiki da kansa yake kora mu cikin rumfa mu ɗumama hannu, kuma ban ji an kira kowa rago ba.

Amma ki tuna da wannan ma. Lokacin da kwalejin nan ba ta da bas, a bayan motar ɗaukar katako Baba ke kai yara wasa. Ba gidan abincin da ke barin baƙar fata ya zauna tsakanin nan da Alabama, Mama ce ke soya kaji a zuba a kwali. Ya ce mana duniya ba za ta ba mu ruwa ba, gara mu saba. Yaransa nawa ne yanzu malamai da lauyoyi? Dakta Greenlee bai ga wannan ba, tarar da fili ya yi da fitilu.

Ban san me nake so ki yi da wannan maganar ba. Ki gaya mini ko in rubuta wa Cleon, ko zai yaga.

Wendell


Larkwood
21 ga Nuwamba, 1978

Yaya Wendell,

Ka yi haƙuri da shirun. Kowa lafiya, in ban da Mama da jinin ya sake hawa. An canza mata magani.

An sallami Baba jiya. Na fi so ka ji daga wurina kafin wani ya aiko maka da jarida.

Abin ya faro ne a makon da tsofaffin ɗalibai ke dawowa babban wasa. Shugaba ya gaji da jiran lallashin da ba mai yi, ya aiko da umarni a ajiye gangar ruwa a gefen fili, da ma'aikaciyar jinya. Baba ya sa aka mirgina gangar bayan shinge, ya ce mai jin ƙishi ya je ya sha, amma ya bar hularsa a nan kada ya dawo. Ran Laraba masu tsaron baya suka zauna a ƙasa da kayansu a jiki, suka ƙi tashi. Sauran suka tsaya suna kallonsu, wasu suka bi su suka zauna. Baba ya busa usur, ya yi tsawa, ya ce duk wanda ke zaune ya rasa kuɗin karatunsa. Ba wanda ya motsa. Tsofaffin ɗalibai sun fara isowa gari, suna nan jingine da shinge, har da Mista Tolliver.

Cleon yana ofis yana haɗa rahotonsa, ma'aikaciyar jinyar ta je ta kira shi. Ya ce mini tsoronsa ɗaya, kada yaran su rasa karatu. Ya fito, ya tsaya a bakin layi, bai ma shiga filin ba. Bai ɗaga murya ba, ya ce, "Ku tashi. Kocinku na magana." Suka tashi gaba ɗaya.

Shi a ganinsa taimako ya yi. Amma duk wanda ke wurin ya ga muryar da yaran ke ji, Baba ma ya gani. Aka ce ya daɗe yana kallon Cleon, sannan ya juya ya ci gaba da atisaye kamar ba a yi komai ba. Ran Asabar yaran suka lallasa kwalejin Brantley, aka ɗauki Baba a kafaɗa. Da daddare a wurin liyafa Mista Tolliver ya zauna kusa da shugaba, abin da bai taɓa yi ba.

Mun gama kaka da ci takwas, faɗuwa biyu. Jiya Dakta Greenlee ya kira Baba, ya ce ya yi ritaya cikin mutunci, a sa wa filin sunansa, a yi masa biki. Baba ya ce shi bai gaji ba. Shugaba ya sake lallashi, har ya ce masa surukinsa ma ya zo ya roƙa a bar shi. Ina jin ya zaci wannan zai sanyaya shi. Baba ya miƙe ya sa hularsa ya ce, "In korata za ka yi, kore ni da bakinka." Shi kuma ya yi.

Jarida ta ce saɓanin ra'ayi ne. Gari ya ce Cleon ne ya shirya zaman yaran tun farko. An fasa mana gilashin taga, ban san ko yara ne ba.

Baba ya dawo gida ya ci abincin rana, ya wanke motarsa. Mama ta ce sai da yamma ya tambaye ta ko gaskiya ne Cleon ya je roƙo. Ta ce gaskiya ne. Ya ce, "Wa ya aike shi?"

Ka rubuta wa Cleon in kana so. Ba ya yaga takarda.

Netta


Valdez
9 ga Disamba, 1978

Netta,

Lafiya lau nake. Rana ba ta daɗewa a nan yanzu, ta leƙo ta koma. Yaya jikin Mama? Ki tabbata tana shan maganin, ba ajiyewa take yi a cikin gwangwanin allura ba.

Na karanta. Shekara ashirin da bakwai, a gama da shi a zama ɗaya. Ban yi mamaki ba, amma na kasa cin abinci ranar.

Ba zan samu zuwa Kirsimeti ba, an hana hutu. Na rubuta wa Cleon, gajeriya ce, ban iya doguwa ba. Na kira Baba, muka yi maganar mota da farashin mai. Na ce ya zo nan da bazara mu kama kifi, ya ce zai duba, yana da aiki da yawa. Ban tambaye shi wane aiki ba.

Tambaya ɗaya. Za a ba Cleon kujerar? In an ba shi ya karɓa, ba zan ce komai ba, na gama cewa. Ina dai so in sani kafin in ji a bakin wani.

Yayanki,
Wendell


Larkwood
18 ga Fabrairu, 1979

Yaya Wendell,

Gaisuwa. Mama ta samu sauƙi sosai. Renee na tafiya, ta riga ta fasa mini kwano biyu. Rigar sanyin da ka aiko ta yi mata yawa, sai baɗi.

Ba a ba Cleon ba. Bai ma nema ba, amma yaran sun je wurin shugaba sun roƙa. Mista Tolliver, wanda ya gama da Baba a wurin liyafa, ya ce shi ba zai sa kuɗinsa a hannun wanda ya sayar da surukinsa ba. Dakta Greenlee bai ja da shi ba. Ya ce da Cleon ya gode da gaskiyarsa, zai rubuta masa takardar shaida mai kyau. An ɗauko wani daga Florida, ya zo da mutanensa, ya sallami kowa, har Odell da ɗansa. Cleon ya samu aiki a wata sakandare a Beaumont, Texas. Za mu tashi idan an rufe makarantu. Ya karanta wasiƙarka, ya ce in gaya maka ba komai, har yanzu kai ne mafi nauyin ƙafa a duk wanda ya taɓa wasa da shi.

Rayford ya dawo aji, an bar masa kuɗin karatunsa. Ya rame, yana tafiya a hankali. Wata Talata Baba ya sa kwat ya ɗauki mota shi kaɗai, bai dawo ba sai yamma. Mama ta ce Belzoni ya je. Abin da aka faɗa a can, ba ta sani ba, ba ta kuma tambaya ba.

Gidan kwaleji da su Baba ke ciki kuwa dole aka bar wa sabon koci. Jiya suka koma tsohon gidan Kaka da ke bayan tashar jirgi. Na zaci tsofaffin 'yan wasa za su cika wurin, amma uku ne suka zo. Cleon ya bi ni, ba wanda ya gayyace shi. Ya yi ta ɗaukar kwalaye, Baba na wucewa ta gefensa kamar ginshiƙi ne. Sai aka zo kan fiyanon Mama, wanda ka san ba ya fita ta ƙofar nan sai an karkata shi. Sauran suka riƙe baya, gaba ya rage mutum biyu, kuma ba kowa sai su. Suka kama. A kan matakala na ji muryar Baba.

"Ɗaga gefenka. Hagu, Cleon. Hagu na ce."

"To, Koci."

Tun Satumba wannan ce maganar farko da ya yi masa. Fiyanon ya sauka lafiya.

Da aka gama Mama ta zuba wa kowa wake da shinkafa a kan kwalaye. Baba ya ci nasa a kan matakala, Cleon ya ci nasa a tsaye jikin mota. Ba wanda ya matsa kusa da wani, Mama ma ba ta ce a matsa ba.

Da za mu tafi Baba ya rako ni bakin hanya, yana riƙe da Renee. Cleon na tsaye nan kusa, amma da ni ya yi magana. Ya ce tayarmu ta baya ta hagu ta yi sanyi, a sa wani ya duba kafin a ɗau hanyar Texas da jaririya. Ya miƙo mini ita ya koma ciki.

Cleon ya durƙusa ya duba. Ta yi sanyin kuwa.

Ka gaida mutanen ƙanƙara. Zan aiko maka da sabon adireshi idan mun samu gida.

Ƙanwarka,
Netta